Kunyar Inna da 'Yar da Ta Zo da Wayonta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Surukata, wadda duk gidanmu da unguwarmu a Kibiya muke kira Inna, ta rasu ba tare da ta kwanta ciwo ba. Da hantsi ta leƙo ɗakina ta ce miyar jiya gishiri ya yi mata yawa, ta koma tsakar gida ta zauna tana tsince wake a faifai. Ina wanke-wanke na ji faifan ya kife. Kafin mai adaidaita sahu ya kai mu asibitin Rano rai ya yi halinsa, kanta yana kan cinyata. Har yanzu idan na zauna sai in ji kamar nauyin kan nan bai bar ƙafata ba.

Na sha ganin mutuwa, amma ban taɓa ganin wadda ta daskarar da mutane irin wannan ba. Maƙwabciyarmu ta shigo karɓar rariyar da Inna ta ara, ta tarar da mu muna sauko da ita daga adaidaitar, ta tsaya riƙe da labule tana cewa, "Wace Innar? Yanzun nan fa muka gaisa ta katanga." Maigidana, ɗanta na biyu, direban babbar mota ne, yana kan hanya na kira shi. Ya yi ta cewa "to, to, to," ya kashe waya, can ya sake kira ya ce, "Me kika ce ɗazu?" Yaya Babba, ɗan farinta, ya baro shagonsa na hatsi a Rano ya iso da mudu a hannu, bai san yana riƙe da shi ba sai da wani ya zare masa. Auta, ƙanwarsu da ke aure a Fammar, a zaure ta yanke jiki ta faɗi, sai kamo ta aka yi. Matan Fulani masu tallan nono suka jera ƙoransu a ƙofar gida suka shigo, har wasu baƙi suka riƙa tambaya ko marigayiyar Bafulatana ce.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba, 'yar riƙon Inna, budurwa da ba ta wuce sha shida ko sha bakwai ba. Ta durƙusa ta tsince waken da ya watse ta mayar a faifai, ta hura wuta, ta ɗora ruwan wanka. Ni na san halinta, idan abu ya yi mata nauyi aiki take kamawa. Amma masu zaman makoki ba su sani ba. Maza ba su ma dawo daga maƙabarta ba, Gwaggo, ƙanwar marigayi mijin Inna, ta nuna ta da haɓa ta ce, da muryar da ba ta iya rage ta ba, "Kun ga idonta ko? Ko ɗigo. To yanzu mai riƙon ta tafi, ita wannan ina za a kai ta?"

Yarinyar tana bakin ƙofa da buta a hannu, ta ji. Tambayar nan ce ta zauna mana a gida tsawon kwanakin makoki, ita ce kuma ta sa na ɗauki biro, don kada 'ya'yana su girma su san Inna da faɗan gishiri kawai.

Ga yadda yarinyar ta zo mana. Maigidana yana kai albasa da dawa Kamaru, yana sauka a wani gari kusa da iyaka, gidan wata tsohuwa mai sayar da abinci. A nan ya riƙa ganin wata yarinya 'yar shekara goma ko sha ɗaya tana wanke kwanuka. Ba 'yar Kamaru ba ce, daga Afirka ta Tsakiya ta tsallako tare da masu gudun faɗa, uwa da uba duk sun rasu, tsohuwar ce ta tsince ta. Da ciwo ya kama tsohuwar ta roƙe shi don Allah ya nema wa yarinyar inda za ta zauna cikin Musulmi. Ya kira Inna a waya, ina zaune kusa da ita.

"Tana da wani nata?" in ji Inna.

"Ba wanda aka sani."

"To me kake tambayata?"

Ba a rana ɗaya aka yi ba. Ya yi ta zirga-zirga wajen hukumomin can, a nan ma aka sanar da mai unguwa da dagaci. Kafin ta iso, maganganu sun riga ta isowa. Wasu suka ce da jaririya ce da sauƙi, ta tashi ba ta san kowa ba sai ku, amma wadda ta zo da wayonta ai ta zo da halinta. Liman ya zo har zaure ya yi wa Inna bayani cewa yarinyar za ta ci gaba da amsa sunan ubanta, ba ta da gado a gidan, kuma ta wuce shekarun shayarwa balle nono ya mayar da ita muharramar mazan gida. Inna ta saurara daga bayan labule har ya gama, ta ce, "Na ji, Malam. Ni ba gado na kira ta ta ci ba, tuwo ne."

Tuwon ma ƙin ci ta yi. Ranar farko na ajiye mata tuwon dawa da miyar kuka, ta shinshina, ta ture kwanon da yatsa. Ba ta jin Hausa, sai yaren ƙasarsu da Faransanci kaɗan da Fillanci irin na can. Ba ta durƙusa idan za ta gaida manya, ido cikin ido take kallon mutum. Da Yaya Babba ya zo ganinta hannu ta miƙa masa, ya ja da baya yana salati. Idan babur ya yi tusa a kan titi, kafin ka ƙifta ido ta shige ƙarƙashin gado, sai an janyo ta. Muka fara jin wari a ɗakin Inna, muka ɗaga katifa muka tarar da ƙosai da dafaffen rogo da guntun nama, tururuwa ta yi musu baƙi. A makaranta aka sa ta aji ɗaya da ƙananan yara saboda yare, suka laƙaba mata "uwar aji," ta kama ɗaya ta tumurmusa shi a ƙasa, uwarsa ta zo mana da zani a ɗamare. Da na nuna mata Inna na ce ta ce "Inna," ta girgiza kai, ta nuna kudu da hannu ta ce, "Mama." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar daga wajenmu ta fito, kuma babu wanda ya gan ta, don mu a wajenmu ba matsala ba ce.

Inna irin matan da ce, masu kunyar 'ya'ya. Ban taɓa jin sunan Yaya Babba a bakinta ba, sai "wancan na Rano" ko "mai shago." Idan wani yaro a unguwa sunansu ɗaya, shi ma ya rasa sunansa a wajenta. Ba ɗan fari kaɗai ba, duka 'ya'yanta haka ta riƙe su. Maigidana zai yi wata guda a hanya ya dawo ya durƙusa a ƙofarta, ta juya fuska ga bango ta ce, "An sha hanya," shi ke nan. Ba ta cin abinci kwano ɗaya da su, ba ta yabonsu, idan wani ya yabe su a gabanta sai ta ce, "Wannan? Allah dai Ya shirya." Jikoki kuwa ta yi ta wasa da su tana kiran mazan "maigidana," suna hawa bayanta.

To da yarinyar ta zo, Inna ta yanke shawarar ba za ta riƙe ta riƙon jika ko na baƙuwa ba, riƙon 'yar cikinta za ta yi mata. Ma'ana, ta ɗauke mata kai. "Ke" take ce mata. Ta aike ta, ta yi mata faɗa a gaban mutane. Idan an yi nama ta zaɓi tsoka mafi kyau ta sa mata a kwano, amma ta ba ɗana ya kai mata, ba magana. Ta ɗinka mata kayan Sallah kala biyu ta ajiye a kan gado ta fita. Ni da nake ganin yarinyar tana raɓe-raɓe a jikin bango na ce, "Inna, da kin ɗan ja ta a jiki."

Ta harare ni. "Baƙo ake tarairaya. So kike gari ya ce baƙuwa na ajiye? Yadda na riƙi nawa haka zan riƙe ta."

Kuma wallahi kowa ya fahimci girman abin. Har Gwaggo ta yi ƙorafi ta ce, "Kin mai da 'yar tsintuwa kamar ta cikinki." Duk unguwa ta gane cewa Inna ta ɗaga yarinyar zuwa matsayin da ba kowa take ba shi ba. Mutum ɗaya ce ba ta gane ba, ita yarinyar.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama girbi, muka neme ta muka rasa. Aka duba makaranta, aka duba maƙwabta, aka leƙa rijiya, ni na riƙe bango don ba zan iya kallo ba. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi, fuskarta kamar ba abin da ya faru, amma carbin a juye yake tana ja tana komowa wuri ɗaya. Sai bayan la'asar wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugar wajen Kahu ta yi sallama riƙe da hannun yarinyar. A kan titin Rano ta gan ta, tana tafiya da takalmi a hannu. Ta yi mata magana da Fillanci, yarinyar ta ƙanƙame ta.

Gwaggo ta ce a samo tsumagiya. Bafulatanar ta sauke ƙwaryarta ta ce, "A'a, ku tsaya ku ji abin da ta ce mini tukuna." Ta juya ta yi wa yarinyar magana, yarinyar ta amsa da dogon zance, idonta a kan Inna. Tun zuwanta ba mu taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba.

"Ta ce in tambaye ki," in ji Bafulatanar, tana sunkuyar da kai, "wai sayenta kika yi? In sayenta kika yi, ki gaya mata aikin da za ta yi ta gama, ta tafi."

Inna ta ce, "Me?"

"Ta ce ba ki san sunanta ba. Ta ce ba kya kallonta. Ta ce ko abinci sai dai ki aiko, kamar mai ciwon da ake gudu. Ta ce uwarta kwano ɗaya suke ci, kuma idan za ta yi mata magana fuskarta take riƙewa da hannu biyu."

Ban taɓa ganin Inna ta zauna a ƙasa ba tabarma ba sai ranar. Ta zame daga kan kujera 'yar tsugunno ta zauna a turɓaya, bakinta a buɗe. "Ni? Ni ce ban san sunanta ba? Sunan da nake kwana da shi a sujada?" Ta dube ni, ta dubi Gwaggo, kamar mu za mu ce mata ƙarya aka fassara.

Bafulatanar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi ta ce, "Hajiya, mu da muka fi ku wannan kunyar, bari in gaya mata." Ta daɗe tana yi wa yarinyar bayani, cewa a nan uwar da ta haife ka ita ce ke kawar da kai, wadda ke yi maka fara'a da yawa baƙo ta ɗauke ka. Yarinyar ta saurara, ta yi tambaya gajeriya.

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce, to ta yaya ake sani?"

Mu manya huɗu a tsakar gidan nan, duk wanda aka haifa aka raina cikin wannan al'ada, aka rasa mai amsawa.

Washegari da safe ina shara na ji Inna ta kira sunan yarinyar, sunanta na yanka, da ƙarfi, a tsakiyar gida. Muryar ta fito a karye kamar mai koyon wani yare. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Inna ta janyo kwanon koko da ƙosai ta ajiye tsakaninta da yarinyar ta ce, "Zo mu ci." Maigidana ya fito daga wanka ya ga uwarsa tana cin abinci kwano ɗaya da yarinya, ya koma banɗakin ya tsaya. Ni ma ɗaki na shige, kunya ta kama ni kamar na ga abin da bai kamata in gani ba. Mace ta haura sittin ta ajiye abin da ta gada daga uwarta da kakarta, a gaban suruka, saboda 'yar mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Daga nan ta ɗauki abin kamar karatu. Kullum mai nono ta zo sai ta zaunar da ita ta koya mata Fillanci, matan ruga suka mai da gidanmu wurin hutawa suna yi mata dariyar yadda take karya musu harshe. Ta sa yarinyar ta koya mata miyar ganyen rogo da gyaɗa irin ta ƙasarsu, ta tilasta wa gida duka ci. Maigidana ya ce, "Inna, wannan ai abincin awaki ne." Ta ce, "To ci, ka fi su baki ne?" Maganar ɓoye abinci kuwa, ba ta hana ta ba. Ta sayo ƙaramar samira mai murfi ta ba ta ta ce, "Ki riƙa ɓoyewa a nan, ko tururuwa ta huta." Samirar ta daɗe a ƙarƙashin gado, har wata rana na gan ta a madafa an zuba barkono a ciki. Duk Juma'a Inna ta tura ƙofar ɗakinta ta yi mata kitso, mu daga waje sai dai mu ji ƙus-ƙus ɗin hira, wani lokaci har la'asar.

Kada in sa a zaci komai ya gyaru. Yarinyar tana da fushin da idan ya taso ba ta ganin kowa. Ta taɓa fasa randa don an taɓa mata ɗankwalin da ta zo da shi. Bayan Hausa ta zauna a bakinta, akwai ranar da Inna ta hana ta zuwa wani biki, ta tsaya a gabanta ta ce, "Ke ba uwata ba ce." Na ji kamar an mare ni. Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ta ce, "Na sani. Ita ta haifa, ni aka bar wa. Bikin ne dai ba za ki ba." Ta tambayi sunan uwar, ta sa shi cikin addu'arta, tana raba ƙosai sadaka da niyyar matar. Har Allah Ya karɓi ran surukata yarinyar ba ta kira ta Inna ba, Hajiya take cewa, ita kuma ba ta taɓa nema ba.

Wadda abin ya ci wa rai Auta ce. Lokacin da ta zo gida wankan jego na haihuwarta ta fari, ta tura ƙofar ɗakin Inna ta tarar da kan yarinyar a cinyarta, Inna tana tsefe mata gashi tana dariya. Auta ta tsaya kamar an dasa ta.

"Inna, ashe kin iya?"

Inna ta ci gaba da tsefe gashin.

"Ni da kika haifa, yaushe kika taɓa ɗora kaina a nan? Ina naƙuda kina bayan ƙofa kina aiko a tambaya ko na ci abinci. Sai da aka kawo miki daga wata ƙasa sannan kika san ana dariya da yaro?"

Na zaci Inna za ta yi magana. Bakinta ya motsa. Sai kawai ta juya fuska ga bango ta ce, "Je ki duba jaririnki, yana kuka." Jaririn barci yake. Auta ta haɗa kayanta ta koma Fammar ba ta cika kwanakin jegon ba. Ta ci gaba da zuwa gaida uwarta, amma tsakaninta da yarinyar sai "sannu" da "yauwa." Abin da Inna ta iya yi wa 'yar wasu, ta kasa yi wa nata, kuma ina ganin hakan ya dame ta fiye da yadda ta bari a gani.

Da aka yi sadakar bakwai baƙi suka ragu, Yaya Babba ya tara mu a ɗakin Inna. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son a yi komai bisa ƙa'ida. Ya ce ta hannun direbobi an samo wani mutum a Kamaru da ya ce ɗan'uwan mahaifin yarinyar ne, sun yi magana a waya, ya yarda a kai ta. Ya ce ta girma, ba muharramar kowa ba ce a cikinsu, gidan kuma za a raba, gobe idan aure ya zo danginta ne ke da hakkin bayarwa. Maigidana ya sunkuyar da kai yana murza hula. Ni suruka ce, ba ni da baki a zaman. Gwaggo ta ce, "Ka yi daidai."

Aka kira yarinyar. Ta shigo da ƙullin kaya a zani, ashe ta riga ta ɗaure tun ba a gaya mata ba. Yaya Babba ya maimaita mata, ta ce, "Na ji." Ko gardama babu. Ni kam hawaye ya ƙwace mini.

Auta ce ta yi magana, idonta jajir. "Ai ba ta yi asara ba. Ta samu abin da mu ba mu samu ba. Ni har uwata ta koma ga Allah ban taɓa jin ta faɗi alheri ɗaya a kaina ba."

Yarinyar ta ɗago ta kalle ta ido cikin ido, irin kallon da muka kasa raba ta da shi, ta ce, "Ba gaskiya ba ne."

Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Yarinyar ba ta ko kalle ta ba.

"Hajiya ta ce dariyarki irin ta mahaifiyarta ce, shi ya sa idan kina dariya take fita daga ɗaki, don kada ta yi kuka. Ta ce da kika yi ƙyanda kina ƙarama idonki ya rufe, ta roƙi Allah in makanta ce Ya ba ta ita Ya bar miki. Duk ranar da kika zo za ki koma, tana zuwa wajen tsagar katangar can ta baya ta leƙa har babur ɗinki ya sha kwana. Ranar da kika yi fushi kika tafi da jariri, ba ta ci abinci ba har washegari, ta ce ta buɗe baki maganar ta ƙi fita."

Auta ta toshe bakinta da mayafi. Yarinyar ta juya wajen maigidana.

"Kai kuma ta san ƙarar motarka tun daga kan titi. Idan ka tafi Kamaru azumi take yi, ta ce wa Anti wai ramuwa ce." Ni ce Antin. Shekara da shekaru ina mamakin wace irin ramuwa ce ba ta ƙarewa.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ga yadda muka yi, ita ma mamaki ya kama ta. "Ba ku sani ba? Na zaci kun sani. Duk kitson Juma'a zancenku take yi, har in gaji in yi barci."

Can Yaya Babba, mutumin da furfura ta cika wa gemu, ya yi gyaran murya, ya yi tambaya da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba.

"Ni fa?"

"Kai ta fi yi. Farkon da na fara jin Hausa na ce mata, shi wancan na Rano ba shi da suna ne? Ban san ba a tambaya ba. Ta tashi ta leƙa waje, ta rufe ƙofa, ta faɗa mini. Sai ta sake faɗa. Ta ce suna ne mai daɗi, tun kana ciki take fatan shi za a raɗa maka, aka kuwa raɗa, amma ba ta taɓa jin yadda yake a bakinta ba. Daga ranar, in mu biyu ne, da sunanka take kiranka."

Ya ce, "Da sunana?"

"Da sunanka."

Ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka riƙa girgiza. A maƙabarta, in ji maigidana, shi ne ya riƙa ba mutane haƙuri bai zubar da hawaye ba. Gwaggo ta tashi ta fita tana share ido da gefen zani, tana cewa hayaƙi ne ya shigo daga madafa, alhali ba a hura wuta ba.

Da ya samu kansa ya dubi ƙullin kayan, ya dubi yarinyar, ya ce, "Mun yi ta magana a kanki ba wanda ya tambaye ki. Ke me kike so?"

Ta ce, "Mutumin can ban san shi ba. Ina so in gaishe shi a waya, in ji ko ya san kabarin babana. Amma nan na sani."

Ya gyaɗa kai. Ya ce idan an zo rabo a sa ɗakin nan cikin kasonsa, kuma ba mai fitar da ita daga ciki sai ranar da za a kai ta ɗakin miji, ranar kuwa za a nemi ɗan'uwan ubanta a ba shi hakkinsa. Maigidana ya ce ci da sha da makaranta nasa ne, tunda shi ya ɗauko. Ni dai hamdala nake a zuci.

Auta ta dubi yarinyar. Ta miƙa hannu ta janyo ƙullin kayan ta tura shi bayan gado, ta matsa gefe a kan tabarma.

"Zo nan ki zauna. Fara mini daga farko. Me ta ce ranar da aka haife ni?"

Yarinyar ta zauna ta ce, "Ta ce kin zo da tsawa kamar an taka wutsiyar akuya, har maƙwabta suka shigo tambaya."

Auta ta fashe da dariya tana kuka. Na tashi na ja musu ƙofa, na je ɗora tukunya, don magariba ta gabato kuma gidan cike yake da masu jin yunwa.

Ya Allah, Ka gafarta wa Inna, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi. Abin da ta iya faɗa da abin da ya tsaya mata a maƙogwaro, Ka sa duka a mizaninta na alheri. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.